Wuta, ruwa, intanet da asibiti: igiya ɗaya ce ta ɗaure su, mu kuma muna bakin ƙarshenta

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, ana cikin kwanakin farko na azumi, manyan wayoyin intanet guda huɗu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka lalace kusan lokaci guda a gaɓar Kodebuwa. Sunayensu WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Yawancinmu ba mu taɓa jin waɗannan sunaye ba sai ranar. Abin da muka sani kawai shi ne WhatsApp ya ƙi tafiya, manhajar banki tana ta juyi ba ta buɗewa, direbobin Bolt da Uber sun ajiye mota, wanda kuma yake jiran saƙon kuɗin buɗa-baki daga ɗan'uwansa na Jamus ko Amurka ya zauna yana kallon waya. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta fito ta ce gyaran zai ɗauki aƙalla mako biyar.

Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai daga ranar ya wuce maganar WhatsApp. Mutane da yawa sun je sayen kiredit na mitar wuta suka tarar abin ya ƙi, domin na'urar sayarwa ita ma da intanet take aiki. Wato waya ta tsinke a ƙasan teku a wata ƙasa, gida ya yi duhu a Nima, alhali babu abin da ya sami tashar wuta ko turken lantarki. Ai ko a ƙarshen Satumba 2022 mun ga irin haka, lokacin da tsarin sayar da kiredit na ECG ya tsaya na kwanaki, mutane suka yi ta layi da kuɗinsu a hannu ba su sami abin saya ba.

Wannan rubutu a kan haka yake. Ayyukan da rayuwarmu ta dogara a kansu, wuta da ruwa da sadarwa da asibiti da 'yan kwana-kwana, kowanne yana da kamfaninsa da shugabansa da ofishinsa, amma a aikace kowanne yana tsaye ne a kafaɗar ɗan'uwansa. Kowane ofishi zai iya nuna maka takardar shirinsa na ko-ta-kwana. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: shirin naka ya san cewa wanda ka dogara da shi shi ma zai iya faɗuwa a rana guda da kai?

Mu fara da wuta, tunda ita ce uwa. Wutar da ke shigowa ɗakinka ta ratsa hannu aƙalla uku. Akwai masu samar da ita: VRA mai kula da madatsar Akosombo da ta Kpong, da madatsar Bui, da kamfanoni masu zaman kansu da ke ƙona iskar gas ko mai a Tema da Takoradi. Akwai GRIDCo mai ɗauko ta a manyan wayoyi. Sannan ECG ta raba mana a kudu, NEDCo kuma a arewa. A bayan waɗannan duka akwai masu kawo iskar gas, wani daga matatar Atuabo, wani ta bututun WAPCo da ya taso daga Najeriya ya ratsa Benin da Togo. Iyayenmu da yayyenmu ba su manta dumsor ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka buɗe mata ƙofa shi ne lalacewar wannan bututu a watan Agusta 2012 a tekun Togo, inda ƙarfen tsayar da jirgin ruwa ya fasa shi, gas ya daina zuwa kusan shekara guda. Teloli da masu aski da masu walda da masu sayar da ƙanƙara a zangunanmu ne suka biya kuɗin wannan ƙarfe, ba su taɓa ganin jirgin ba.

A yau kuwa, abin da ya fi tsinka igiyar nan ba hadari ba ne, bashi ne. Ma'aikatun gwamnati suna shan wuta ba sa biyan ECG. ECG ta kasa biyan masu samar da wuta. Su kuma su kasa biyan masu gas. A ƙarshen Fabrairu 2024 ma'aikatan ECG sun yanke wutar majalisar dokoki ana tsakiyar zama saboda bashi, mutane suka yi ta dariya a Facebook. Bayan 'yan makonni sai ga sanarwa cewa asibitoci da dama su ma an ba su wa'adi, su biya ko a yanke. Nan dariya ta ƙare. A watan Oktoba na shekarar kuma kamfanin Sunon Asogli ya kashe tasharsa da ke Kpone kusa da Tema saboda kuɗin da yake bin ECG. A Yuni 2025 ECG ta kai samamen yanke wuta har kamfanin ruwa na ƙasa.

A tsaya a kan wannan na ƙarshe. Kamfanin ruwa ba ya iya tura ɗigo ɗaya daga Weija ko Kpong zuwa Ankara sai da wuta, domin injinan turawa da na tacewa lantarki suke ci. Kuma wanda ya san aikin famfo ya san cewa ɗauke wuta na awa biyu ba ya nufin rashin ruwa na awa biyu. Bututu ya zama fanko, ƙarfin ruwa ya faɗi, sai an daɗe kafin ya sake cika ya hau zuwa unguwannin da ke kan tudu ko a ƙarshen layi. To idan ECG tana kallon kamfanin ruwa a matsayin mai cin bashi kamar kowa, tana da gaskiyarta ta kasuwanci, kuɗi ake bin ta ita ma. Amma asibitin da ECG za ta kai ma'aikacinta idan wuta ta ja shi, da ruwan wannan kamfani yake wanke kayan tiyata. Masu wankin ƙoda ba sa yi sai da ruwa mai yawa da wuta tare. 'Yan kwana-kwana kuma, sau nawa muka ji suna kukan cewa sun zo wurin gobara sun tarar famfon kashe wuta a bushe, sai sun koma nesa ɗebo ruwa? Gobarar Kantamanto a farkon Janairu 2025 da ta Adum a Kumasi a watan Maris na shekarar sun sake tayar da wannan magana ta ruwa da hanyar shiga.

Idan ka tambayi kowane ofishi yadda zai yi in an ɗauke wuta, amsa ɗaya ce: muna da janareta. Asibiti yana da janareta, banki yana da shi, turken sadarwa yana da shi da batura, gidan mai ma haka. Madalla. To duk waɗannan janareta man dizal suke sha, kuma daga gidajen mai guda ake sayo shi, a tankoki guda, a kan tituna guda. Ranar da ruwa ya cinye Circle da Kaneshie da Alajo, motar dizal ta ina za ta bi? Idan aka kwana biyu babu wuta a gari duka, kowa zai ruga neman man a lokaci guda, kuma wanda ya fi kuɗi shi zai samu, ba wanda ya fi buƙata ba. Otal zai riga ɗakin haihuwa cika tanki. Ban taɓa jin an fito an gaya wa jama'a wane ne za a fara ba mai a irin wannan rana ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da shiri na haɗin gwiwa ya kamata ya yanke tun kafin ranar ta zo.

Darasin wayoyin teku ma kenan. A takarda, ƙasar da ke da wayoyi huɗu ko biyar ta yi tanadi, in ɗaya ta tsinke sauran suna nan. Amma da yake huɗun sun bi ta wuri guda a ƙasan teku, abin da ya sami ɗaya ya sami sauran. Kwando huɗu ne aka ɗora a kan jaki ɗaya. Waɗanda suke da layin AT sun fi samun sauƙi a kwanakin, har mutane suka yi ta rububin sayen sim ɗinsa, saboda hanyarsa ta fita daban. Daga baya NCA ta ba Starlink izinin aiki, wanda ta tauraron ɗan'adam yake zuwa. Wannan ci gaba ne, sai dai kuɗinsa ba na mai sayar da koko ba ne, kuma ba shi zai gyara na'urar sayar da kiredit ta unguwa ba sai in an tilasta wa masu na'urar su yi hanya ta biyu.

Misalin da ya fi nuna inda ake samun matsala shi ne na Akosombo. Daga 15 ga Satumba 2023 VRA ta fara sakin ruwa daga madatsar domin tafkin ya cika har yana barazana ga ginin kansa. Babu mai hankalin da zai ce kada a saki, domin in madatsar ta fashe abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin lissafi. Ruwan ya mamaye Mepe da wasu garuruwan Tongu, dubban mutane suka rasa matsuguni, aka kwashe su zuwa makarantu. VRA ta ce tana da shirin gaggawa, har ta yi atisaye da mutanen yankin watanni kafin abin ya faru. To me ya sa duk da haka aka sha wahala irin wannan? Domin sakin ruwa aikin VRA ne, amma abin da ruwan ya taɓa na wasu ne. GRIDCo ta kashe tashar wutarta ta Sogakope saboda ruwa ya shige ta, sai yankin ya faɗa duhu. Ruwan ya bi ta masai da maƙabartu ya gurɓata abin sha. Makarantun da aka mayar sansani karatu ya tsaya a cikinsu. Kowane ofishi ya yi abin da littafinsa ya ce, amma tsakanin littafi da littafi akwai rami, kuma a ramin nan talaka yake faɗawa.

A doka, NADMO ce ya kamata ta toshe wannan rami. An kafa ta a 1996, aka sabunta dokarta a 2016, kuma aikinta shi ne ta haɗa kan hukumomi kafin bala'i da lokacinsa da bayansa, tun daga matakin ƙasa har zuwa gunduma. Amma ku faɗi gaskiya, me muka fi sanin NADMO da shi a zango? Katifa da bokiti da buhun shinkafa bayan ruwa ya janye. Ba raina wannan nake ba, wanda ya kwana a kan benci ya san darajar katifa. Sai dai hukumar da kullum take kukan rashin kuɗi ba za ta iya kiran shugaban ECG da na kamfanin ruwa da na MTN ta zaunar da su ta ce kowa ya buɗe littafinsa ba. Ƙarfin yin haka yana hannun fadar shugaban ƙasa da majalisa da masu sa ido irin su PURC da NCA.

Ba kuma cewa ba a iya yi ba ne. A farkon 2025, da WAPCo za ta rufe bututunta domin wankewa da dubawa, an san ranar tun da wuri, aka zauna da ma'aikatar makamashi da masu tashoshi, har aka ɗaga aikin zuwa Fabrairu domin a sami lokacin tanadar man da tashoshin za su ƙona a madadin gas. An ji jiki, amma ba a koma dumsor irin ta da ba. Abin da ya bambanta wannan da sauran shi ne kowa ya san ranar, kowa ya san rabonsa. Aikin da ya rage shi ne a yi irin wannan zama domin ranar da ba a sanar ba.

Yanzu mu dawo gida. Me ya sa wannan magana ta fi shafar mu fiye da mutanen East Legon ko Cantonments? Domin su kowane gida ƙaramar gwamnati ce: babban tankin ruwa a sama, bohol a tsakar gida, janareta ko sola, mota a gareji, kuɗi a banki biyu. Mu kuwa a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Ashaiman, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, gida ɗaya yana ɗauke da ɗaki goma ko fiye, wani lokaci mita ɗaya ake haɗa kuɗinta. Ruwa na jarka ne, a sayi na yau a yi amfani da shi yau. Masai na haya ne, in babu ruwa an rufe. Lungunanmu motar 'yan kwana-kwana ba ta shiga, motar asibiti ma sai dai ta tsaya a bakin titi a ɗauko mara lafiya a hannu. Mai waakye da mai tuwo jarinsu na kwana ɗaya ne, in nama ya lalace a firji an karya su. Ga kuma abin da ya keɓanta da mu: alwala sau biyar, da wankan gawa da ba ya jiran gobe. Wanda ya taɓa tsayawa a gidan rasuwa ana neman ruwan wanka a unguwar da famfo ya kwana uku bai zo ba ya san abin da nake nufi.

Kuma mun ga mafi muninsa. Daren 3 ga Yuni 2015 ruwan sama ya cika Odaw ya mamaye Circle, mutane suka fake a gidan man GOIL, mai ya bi ruwa, wuta ta kama. Mutane fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A dare guda aka buƙaci 'yan kwana-kwana da motocin asibiti da sojoji da asibitoci da wurin ajiye gawa, alhali titunan da za su bi duk ruwa ne. Bayan makonni kaɗan abin da aka fi gani shi ne rusau a Old Fadama, inda 'yan'uwanmu da yawa daga arewa suke zaune. Wannan ma abin lura ne: idan hukumomi suka kasa haɗa kansu kafin bala'i, bayan bala'i sukan haɗa kai a kan mai ƙaramin ƙarfi.

To me za mu yi, mu da ba mu da kujera a teburin manya? Na farko, muna da ƙofar da ba mu cika ƙwanƙwasawa ba. Kowace gunduma tana da kwamitin kula da bala'i a ƙarƙashin shugabanta. Nima tana Ayawaso ta Gabas, Mamobi tana Ayawaso ta Arewa, Aboabo da Asawase suna Asokore Mampong. Asambuliman ɗin da muka zaɓa yana da damar tashi a zaman majalisa ya yi tambaya, kuma tambayoyin ba masu wuya ba ne. Asibitin da ke yankinmu, man janaretansa na awa nawa ne, kuma wa ya yi alkawarin kawo masa ƙari? Tankin ruwansa na kwana nawa ne? Famfunan kashe gobara nawa ne a gundumar, yaushe aka buɗe su aka ga ruwa na fita? In layin 112 ya ƙi shiga, wace hanya ce ta biyu? Idan amsar ita ce a dawo gobe, to a rubuta ranar, a dawo goben da mutane goma.

Asusun raya zanguna da aka kafa da doka a 2017 ya yi filayen ƙwallo da fitilun titi da gine-ginen makaranta a wurare da dama. Samari suna son filin ƙwallo, ni ma ina so. Amma da za a tambaye ni abin da za a sa a gaba, zan ce bohol mai aiki da hasken rana kusa da kowane babban masallaci da kowane ƙaramin asibiti, wanda ba ya jiran ECG kuma ba ya jiran dizal. Ba ya ɗaukar hoto mai kyau ranar buɗewa kamar koren fili, shi ya sa sai mun nace.

Sauran kuma aikinmu ne, ba sai da izinin kowa ba. Kowace unguwa tana da ƙungiyoyin samari, da bes-bes inda ake shan ataya, da ƙungiyoyin mata na biki da adashi. Ranar Asabar ɗaya ta isa a zagaya a rubuta a littafi, da biro, ba a waya kaɗai ba: gidaje nawa ne suke da bohol ko rijiya, wane ne mai janareta a cikinsu, kuma zai yarda a ɗiba in an shiga matsi? Su waye masu ciwon sukari da ke ajiye allurarsu a firji, su waye masu zuwa wankin ƙoda, wace ce ta kusa haihuwa, wane tsoho ne ba ya iya tashi da kansa? Wa ke da babur ko aboboya da za a buga wa ƙofa da tsakar dare? Wannan littafi akwai sirrin mutane a ciki, don haka bai kamata ya yi yawo a guruf ba. A ajiye shi wurin liman ko sarkin zango da mutum biyu amintattu, kuma kada a rubuta kowa sai da yardarsa.

Iyayenmu malamai da sarakuna, a nan muke roƙonku. Lasifikar masallaci ita ce kafar sanarwar da ba ta bi ta ƙasan teku ba, amma ita ma da wuta take aiki. Batir ɗaya da ƙaramin faifan sola sun isa su riƙe ta. Kuma maganarku tana buɗe ƙofar da tamu ba ta buɗewa: idan samari suka je wurin mai bohol suka ce ya yi alkawarin ba unguwa ruwa ranar wahala, zai ce zai duba. Idan liman ya faɗa masa bayan sallar Juma'a a gaban mutane, an gama. Haka nan maganar lunguna. Wanda ya ƙara ɗaki ko ya kafa kwantena ya toshe hanyar da ta rage wa mota, ba yaro ne zai gaya masa ya janye ba.

Akwai masu cewa wannan duk ɗaukar wa gwamnati kayanta ne, muna biyan haraji, muna biyan kuɗin wuta da ake ta ƙarawa, don me za mu yi mata aikinta? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma shi ya sa na sa tambayoyin majalisa a gaba da littafin unguwa. Amma unguwar da ta san yawan bohol ɗinta da yawan marasa lafiyarta ta fi iya tsayawa gaban shugaban gunduma, domin ta zo da lissafi a hannu, shi kuma sau da yawa ba shi da nasa. Damina ta Ankara takan yi ƙarfi ne daga Mayu zuwa Yuli, kuma gotar Nima ba ta canja hanya ba. Duk ƙungiyar da ta fara nata zagayen, ta aiko wa wannan shafi da sunan unguwa da adadin bohol da famfunan gobara da ta ƙirga, ban da sunayen mutane, domin a haɗa su wuri guda kafin zaman majalisar gunduma na gaba.